Jinin agwagwar daji da kajin ƙasar Wudil

A watan Fabrairun 2007 wata tawagar masu bincike, da ke aiki tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kama tsuntsayen ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru. Suka ɗauki samfur a jikinsu, suka ɗaura wa waɗansu 'yar na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya, sannan suka sake su. Da sakamako ya fito daga ɗakin gwaji sai aka ga ƙwayar murar tsuntsaye nau'in H5N2 a jikin kirinjijiya da kuma dinya, kuma ƙwayar tana ɗauke da alamar irin wadda ke karkashe kaji. Babu wadda ta nuna ciwo a cikinsu ranar da aka kama ta. Kirinjijiyar da ke goye da na'ura ta yi aƙalla kwana 47 tana harkar gabanta, har ta tsallaka iyakar Nijeriya.

Wannan labari ya shafi mai kiwon kaji a Kausani ta ƙasar Wudil fiye da yadda zai yi zato. Wani babban kaso na ruwan da ke cika dausayin Haɗeja da Nguru ta ƙasar Wudil yake bi. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa, su ratsa ƙarƙashin gadar Wudil, su gangara Ringim da Haɗeja, kafin su bazu cikin fadamun da Baturiya da Dagona da tafkin Nguru suke. Tsuntsun ruwa kuwa ruwa yake bi, ba ruwansa da iyakar jiha. Ga gonakin shinkafa na rani, ga tafkuna, ga kududdufan da damina ke bari a gefen kowane gari. Sannan ga kasuwar Wudil ranar Juma'a da ta Darki ranar Alhamis, inda kaji da zabi da agwagi ke sauya hannu, su kwana a gidan da ba nan suka tashi ba. Wuri ne da hanyar tsuntsun daji da hanyar ɗan kasuwa suka gitta juna.

Idan tsuntsu yana iya ɗaukar cutar ya yi ta yawo garau, ta yaya za a san abin da ke zagayawa a cikinsu kafin ya iso akurki? Jiran gawa ba dabara ba ce, domin agwagwar da ta mutu a cikin kacalla ba mai ganinta, kuma yawancinsu ma ba sa mutuwa. Hanya biyu likitocin dabbobi suke da ita. Ta farko, a goga wani tsinke mai auduga a maƙogwaron tsuntsun da duburarsa, a kai ɗakin gwaji a nemi ita ƙwayar cutar da kanta ta hanyar gwajin da ake kira PCR. Ta biyu, a ɗebi jini a nemi sinadaran garkuwa da jiki ke ƙerawa bayan ya yi arangama da cutar. Gwajin farko kamar kama ɓarawo ne a cikin ɗaki, na biyun kuma ganin sawunsa ne a tsakar gida da safe.

Bambancin yana wajen lokaci. Agwagwar da ta kamu takan fitar da ƙwayar cutar a kashinta da majinarta na kwanaki kaɗan ne, mako guda ko biyu, daga nan jikinta ya ci ƙarfinta. Wanda ya zo da tsinken auduga kafin waɗannan kwanaki ko bayansu ba zai ga komai ba, sai ya rubuta cewa tsuntsun lafiya lau. Sinadaran garkuwa kuwa suna fara bayyana a jini bayan mako ɗaya zuwa biyu da kamuwa, kuma su yi watanni ba su gushe ba. Shi ya sa a garke guda za ka ga masu ɗauke da ƙwayar a ranar 'yan ƙalilan ne, amma masu alamarta a jini suna da yawa. Lissafin abin a fili yake. In tsuntsu 1 cikin 100 ne ke ɗauke da ƙwayar, sai an gwada kusan 300 kafin a samu natsuwar cewa za a ci karo da ita. In kuwa 30 cikin 100 ne ke da garkuwarta a jini, tsuntsu 10 sun isa a gano. Duk wanda ya san wahalar kama agwagwar daji da rai, a cikin taɓo, da sanyin asubahin hunturu, ya san tazarar da ke tsakanin 10 da 300.

Aikin kansa ba shi da wani ban tsoro. Ana kafa raga ko tarko a inda suke kiwo, a watsa tsaba a jira. In an kama, mutum ɗaya ya rungume tsuntsun ya haɗe fukafukansa, a rufe masa kai da ƙyalle don ya natsu. Na biyu ya buɗe fiffike ɗaya, ya shafa auduga mai sinadarin tsaftacewa a ƙarƙashinsa har gashin ya kwanta, jijiya ta fito shuɗiya a ƙarƙashin fata. Wani a wuya yake ɗiba, wani a ƙafa. Ƙa'idar ita ce kada abin da aka ɗiba ya wuce kashi 1 cikin 100 na nauyin tsuntsun, kuma galibi ko rabin cokalin shayi ba a kaiwa. A danne wurin da auduga, a auna nauyi, a duba mace ce ko namiji, ta bana ce ko tsohuwa, a sa zobe mai lamba a ƙafa, a sake ta. Jinin kuma a bar shi a kwalba a kishingiɗe har ya daskare, wani ruwa mai launin ɗorawa ya taso sama. Wannan ruwan ake buƙata. Ya fi samfurin auduga jure wahalar hanya, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da ƙanƙara ke narkewa kafin mota ta kai Vom, inda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa take a jihar Filato.

A ɗakin gwaji mataki biyu ne. Na farko shi ne ELISA, wanda ke amsa tambaya guda: wannan tsuntsu ya taɓa haɗuwa da wata murar tsuntsaye, kowace iri ce? Amsar "e" a nan ba abin tada hankali ba ce, kuma a nan ne masu ba da labari suka fi yin kuskure. Tsuntsayen ruwa su ne gidan asali na wannan ƙwaya. Akwai nau'in H guda 16 da nau'in N guda 9 da ke zagayawa a cikinsu tun fil azal, suna haɗuwa iri-iri, kuma mafi yawansu marasa zafi ne, ko atishawa ba sa sa agwagwa. Biyu ne ake sa wa ido, H5 da H7, domin su ne kan rikiɗe su zama masu kisa idan suka samu shiga garken kaji.

Saboda haka ake zuwa mataki na biyu, gwajin hana curewar jini. Ƙwayar mura tana da halin manne jajayen ƙwayoyin jinin kaza wuri guda. Sai a ɗauko faranti mai ƙananan ramuka 96, a zuba ruwan jinin agwagwar a ramin farko, a riƙa sirka shi rabi da rabi zuwa ramukan gaba, a ƙara ƙwayar H5 da aka riga aka kashe, daga ƙarshe a zuba jinin kaza. In agwagwar ba ta da garkuwar H5, jinin kazar zai manne ya shimfiɗu a ramin. In tana da ita, garkuwar za ta riƙe ƙwayar, jinin kazar ya gangara ƙasan ramin ya taru ya zama jan ɗigo. Ma'aikacin zai karkata farantin ya ƙirga ramuka nawa ne ɗigon ya fito. Idan har an sirka ruwan jinin ninki 16 bai daina aiki ba, ana ɗaukarsa a matsayin shaida.

Shaidar me, shi ne abin tambaya. Jini yana faɗin cewa an haɗu da cutar, amma ba ya faɗin ranar, ba ya faɗin wurin. Ƙaramar agwagwar nan mai farin zane a saman ido, wadda littattafan tsuntsaye ke kira gargani, a Turai da Rasha take ƙyanƙyasa, ta keto Bahar Rum da Sahara ta iso mana bayan damina, ta juya wajen watan Maris. Garkuwar da ke jininta tana iya zama ta abin da ta gamu da shi a wani tafki na Rasha watanni da suka wuce, kuma ta iso nan babu ƙwaya ko ɗaya a jikinta. Haka kuma gwajin yakan sha wuya wajen rarrabe H5 mai zafi da H5 marar zafi, domin garkuwarsu tana kama da juna, sai an gwada da ƙwayoyi daban-daban an kwatanta. Yawancin waɗannan gwaje-gwaje don kaji aka tsara su tun farko, ba don kirinjijiya ba. Sannan wanda ya rayu kaɗai ake ɗibar jininsa. Jinsin da cutar ke kashewa nan take ba zai taɓa fitowa a wannan lissafi ba, kamar kwasa-kwasa kusan 750 da aka tsinci gawarsu a gandun Djoudj na ƙasar Sanagal a Janairun 2021.

Duk da haka akwai dabarar da ke sa jini ya yi magana dalla-dalla, kuma ita ce ta fi dacewa da mu. Kirinjijiya da dinya 'yan Afirka ne, da damina suke ƙyanƙyasa a nan. Garkuwar da ɗan tsako ya gada daga ƙwai takan ɓace cikin 'yan makonni. To idan aka kama kirinjijiyar bana a watan Janairu aka ga garkuwar H5 a jininta, babu wani zancen Rasha: a cikin 'yan watannin nan ta haɗu da ƙwayar, kuma a wannan yanki namu. In aka ɗebi jini a Oktoba ba a ga komai ba, aka dawo a Janairu aka ga ya cika, an san abin da ya shigo da lokacin da ya shigo. Amfanin gwajin a maimaitawa yake, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, shekara bayan shekara. Tawagar da ta zo sau ɗaya ta ɗebi jini ta tafi ta rubuta takarda, ilimi ta ƙara, amma ba ta tsare kajin kowa ba.

Tarihin cutar a ƙasarmu ya nuna dalilin da ya sa ake zargin baƙin tsuntsaye, ya kuma nuna iyakar zargin. Zuri'ar H5N1 da ta addabi kajinmu an fara ganinta ne a jikin dinyar gida a lardin Guangdong na ƙasar Sin a 1996. A 1997 ta kama mutum 18 a Hong Kong, 6 suka rasu. A 2005 ta kashe dubban tsuntsayen daji a tafkin Qinghai, daga nan ta yo yamma. Ranar 8 ga Fabrairun 2006 aka tabbatar da ita a gonar Sambawa da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, kuma kafin a farga ta bayyana a gonakin Kano. A ƙarshen watan aka same ta a jikin agwagin gida a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. Masanan da suka duba tsatson ƙwayoyin sun nuna cewa ba sau ɗaya ta shigo Nijeriya ba, zuri'a daban-daban ne suka shigo a kusan lokaci guda. A Janairun 2007 wata matashiya ta rasu da ita a Legas. Bayan 2008 abin ya lafa, sai ga shi ya dawo a farkon 2015 ta Kano da Legas, kuma Kano ce ta fi kowace jiha shan wuya a wannan zagaye. A ƙarshen 2016 aka ga H5N8 a Kano. A 2019 aka ga H5N6 a jikin agwagwa a kasuwar tsuntsaye a Sakkwato. A Janairun 2021 H5N1 ta sake ɓulla a Kano, wannan karon sabuwar zuri'ar da daga baya ta isa nahiyar Amurka, har ta shiga shanun madara a can a 2024.

Duba watannin: Nuwamba, Disamba, Janairu, Fabrairu, daidai lokacin da dausayi ke cike da baƙi daga arewa. Wannan ba dace ba ne kawai. Amma ɓullar ƙarshe ta zagayen farko a watan Yulin 2008 ta faru a Kano da Katsina, tsakiyar damina, lokacin da gargani ke can ƙasarsu. Hunturu kuma shi ne lokacin da sanyi ke sa ƙwayar ta daɗe a ruwa da kashin kaji, shi ne lokacin da safarar kaji ke ƙaruwa saboda bukukuwan ƙarshen shekara. Abin da hujjoji suka fi nunawa shi ne tsuntsun daji yana iya kawo sabuwar zuri'a daga nesa, amma daga gona zuwa gona, daga gari zuwa gari, mu ne muke kai ta: a keji, a kwalin ƙwai, a tayar mota, a takalmin mai yi wa kaji allura, a buhun kashin kaji da mai lambu ya sayo don taki. Kuma hanyar ba ɗaya ba ce. Mushen kazar da aka jefa a kududdufi ko a bakin kogi yana mayar da cutar ga tsuntsun daji, shi kuma ya tashi da ita.

Tsakanin daji da akurki akwai mai shiga tsakani da ba a cika kula da ita ba, wato agwagwar gida. A Kausani, kamar a kowane gari na ƙasar Kano, da safe za ka gan su sun yi jerin gwano sun nufi kududdufi ko kwata, su yini suna cusa baki a laka, a ruwan da balbela da zalɓe da wani lokaci kirinjijiya suka sauka. Da yamma su dawo gida, su sha a kaskon da kaji ke sha, su kwana a akurki ɗaya ko a ƙarƙashin rumbu ɗaya. Wata uwargida ma ƙwan agwagwa take sa wa kaza ta kwanta a kai. Agwagwa kuma ta fi kaza jure wannan cuta nesa ba kusa ba, tana iya ɗauke da ita tana cin tsabarta. Abin da ya faru a Gwale ke nan a Disamban 2024, kamar yadda Ma'aikatar Lafiya ta jihar Kano ta bayyana: wani matashi ya sayo agwagwa a kasuwar Janguza ta ƙaramar hukumar Tofa, ya haɗa ta da kajinsa da zabinsa, cikin tsuntsaye 50 guda 35 suka mutu, kuma a farkon Janairun 2025 gwaji ya tabbatar murar tsuntsaye ce.

Ra'ayina shi ne, a wuri irin ƙasar Wudil, gwajin jinin agwagwar daji ba zai yi amfanin da ake nema ba sai an haɗa shi da na agwagwar gida. Ta daji tana faɗin abin da ya shigo yankin. Ta gida tana faɗin ko ya tsallako ƙofar gari. Ita ba ta buƙatar raga ko kwale-kwale, mai ita zai miƙo ta da hannunsa, ana iya sa mata lamba a dawo mata bayan wata biyu a ga ko jininta ya sauya. Ko ƙwanta ma ana iya gwadawa, domin garkuwar uwa tana sauka a gwaiduwa. Ƙasashe da dama suna ajiye agwagin gida da gangan a bakin tafki don su zama masu gadi, a riƙa gwada su a kai a kai. Mu namu suna nan a bakin ruwa ba tare da kowa ya ajiye su ba. Akwai wata fa'ida kuma. Tun farkon ɓullar cutar gwamnatin tarayya ta zaɓi kashe garken da ya kamu da biyan diyya, ba ta amince da allurar rigakafin murar tsuntsaye ba. Amma sanannen abu ne cewa waɗansu manyan gonaki suna yin allurar a ɓoye, kuma kazar da aka yi wa allura jininta yana nuna garkuwa kamar wadda ta kamu. Wannan yana dagula gwajin jini a gonakin kasuwanci. Agwagwar ƙauye ba wanda ya taɓa yi mata wannan allura, don haka abin da jininta ya faɗa daga ruwa ta samo shi.

Masunta da maharba da masu noman rani su ma suna cikin aikin, ko an sa su ko ba a sa su ba. Su suka san tafkin da dinya ke kwana, da makon da baƙin agwagi ke fara sauka, su ne kuma farkon masu ganin gawa a bakin ruwa. Maharbin da ya harbo agwagwa yana iya ɗiga jininta a wata 'yar takarda mai tsotse ruwa da aka yi domin haka, ta bushe, a tura ɗakin gwaji ba tare da ƙanƙara ba. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana nan cikin garin Wudil, asibitin koyarwa na likitocin dabbobi yana Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Vom tana da kayan aikin tabbatarwa. Abin da ake buƙata shi ne a ɗinke waɗannan da juna, a kuma ware kuɗin da ba sai annoba ta ɓarke ake sakinsa ba.

Cikas mafi girma shi ne yarda. Kajin ƙauye dukiyar mata ce da yara, da su ake sayen magani, a yi kuɗin makaranta, a fita kunyar baƙo. A 2006 diyyar da aka fara sanarwa naira 250 ce a kan kowace kaza, ƙasa da kuɗinta a kasuwa, kuma a zagayen baya masu gonaki sun daɗe suna jiran biya. Wanda ya ga haka, in kazarsa ta fara rurrufe ido, tunaninsa biyu ne: ya yanka kafin ta zama mushe, ko ya garzaya da sauran kasuwa kafin su bi ta. Duka biyun su ne hanyar da cutar ta fi so, kuma wajen yanka da figa ne haɗarin ya fi yawa ga mutum, ba wajen cin naman da ya dahu sosai ba. Idan ma'aikaci ya shigo gida da sirinji ya ce zai ɗebi jinin agwagwa, uwargida za ta tambaye shi: "Malam, in kun ga wani abu, kashe min su za ku yi?" Dole a samu amsa ta gaskiya kafin a fara aikin. Garkuwa a jini ba hukuncin kisa ba ce, alama ce ta a dawo da tsinken auduga a duba ko ƙwayar tana nan har yanzu, a kuma gargaɗi makwabta. Haka kuma ba hujja ba ce ta fita farautar tsuntsayen daji ko tarwatsa wurin kwanansu. Hukumomin duniya masu kula da lafiyar dabbobi sun daɗe suna hana hakan, domin tarwatsa garke yaɗa shi ne zuwa tafkunan da da bai je ba.

Sakamakon kuma ya dawo wa masu tsuntsayen, da Hausa, ta bakin mai unguwa da malamin dabbobi da rediyo, cikin kwanaki ba cikin shekara ba. Idan a watan Nuwamba aka ce wa mutanen Kausani da Utai da Lajawa an ga alamar H5 a agwagin bakin kogi, akwai abin da za su iya yi a ranar ba tare da kashe ko sisi ba: a raba wa agwagi da kaji wurin kwana da kaskon ruwa, a tsare agwagi daga kududdufi har sanyi ya wuce, duk tsuntsun da aka sayo a Wudil ko Darki a keɓe shi mako biyu kafin ya shiga cikin na gida, wanda ya mutu a haƙa rami mai zurfi a binne shi, yara kuma su daina ɗauko tsuntsun da suka tsinta a kwance a fadama.